Ɗiyata na zaune gida: za ta iya koyon aljabara ba tare da lakwal ba?

Wata baiwar Allah daga nan Maradi, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta aiko da tambaya kamar haka: "Malam, ɗiyata shekarunta 15. Ta gama 5e (aji na biyu na kolej) sai rashin lafiya ya zaunar da ita gida. Yanzu da sauƙi, amma likita bai yarda ta koma zaman aji ba tukuna. Ƙanena da ke Amurka ya turo mata darussan aljabara irin waɗanda iyaye a can ke koya wa ƴaƴansu a gida: littafi, bidiyo da takardar amsoshi, duk da Ingilishi. Ni ban yi boko ba. Za ta iya koyo a gida? Kuma zai amfane ta in ta zo yin BEPC (jarrabawar kammala kolej)?"

Hajiya, Allah ya ƙara wa yarinya lafiya, ya sa kaffara ne. Za ta iya. Na daɗe ina koyar da lissafi a kolej, na kuma zauna da yara da yawa a zaure da tsakar gida bayan la'asar, kuma cikin duk darussan lakwal ban ga wanda ya kai aljabarar farko dacewa da karatun gida ba. Ba ta buƙatar ɗakin gwaji ko kayan aiki masu tsada. Kaye, fensir, alli, sai wanda zai duba aiki. Amma kayan da ƙanenki ya turo ba su ne za su koyar da ita ba. In aka bi su yadda suke daga shafin farko, ina jin tsoron ta sha wahala wata uku sannan ta ce miki ita ba ta da kan lissafi. Rabon da ke kanki cikin wannan karatu ya fi yadda kike zato.

Bari in fara da maganarki ta cewa ba ki yi boko ba. Tsabar da aka rubuta 100 a kanta, ke dala ashirin kike kiranta. Takardar 1000, dala ɗari biyu ce, jikka ɗaya. In mai saye ya ce dala talatin da biyar, kin san abin da za ki karɓa ba tare da kin ɗauki fensir ba. Akwai doka ɗaya da kike bi kullum: ko dala nawa aka faɗa, a ninka sau biyar, shi ne abin da ke rubuce a jikin kuɗin. Wannan "ko nawa" ɗin, shi ne aljabara. A lakwal za mu rubuta f = 5d, d na tsaye a madadin yawan dala, f na tsaye a madadin adadin da ke rubuce. Iyakar abin da muka ƙara a kan saninki shi ne gajarta magana da haruffa. Yaran da suke faɗuwa a aljabara, mafi yawansu ba lissafin ne ya kayar da su ba. An ba su haruffan ne ba a ba su maganar da haruffan ke gajartawa ba.

Asalin fannin ma da magana ya faro. Sunan aljabara daga kalmar Larabci al-jabr yake, wadda ke cikin sunan littafin da Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun. Babu x ko y ko ɗaya a littafin. Abin da ba a sani ba yana kiransa "abu", in an ninka abun da kansa ya kira shi "dukiya", sauran adadi kuma dirhami. Babban sashe na littafin kan rabon gado da wasiyya yake. Alamar = sai a 1557 wani ɗan Biritaniya, Robert Recorde, ya fito da ita, al'adar sa x, y da z kuma daga Bafaranshen nan Dekart take, a 1637. Kin ga ke nan mutane sun shafe ɗaruruwan shekaru suna aljabara da baki da alƙalami kafin alamomin su zo. Mu kuwa muna so yaro ya haɗiye alamomin cikin mako biyu.

Don haka shawarata ta farko: duk matsalar da za ta warware, ta fara faɗa miki ita da Hausa. In ba ta iya faɗa miki ba, ba ta gane ba, ko da amsarta ta yi daidai da ta takardar amsoshi.

Ga misali daga sana'arki. A ce wata ta zo ta sayi lita 3 na mai, ta biya ɗan kabu-kabu 200, ta ce duka-duka 4700 ta kashe. Nawa ta sayi lita? Ke za ki ce a fara cire kuɗin kabu-kabu, saura 4500, a raba uku, 1500. Ɗiyarki za ta rubuta 3x + 200 = 4700, ta cire 200 a kowane ɓangare, ta raba kowane ɓangare da 3. Tafiya ɗaya ce, ke da baki, ita da fensir. Ko ki ce mata: tiya 3 ta gero da tiya 2 ta wake 4100, tiya 1 ta gero da tiya 2 ta wake 2700. Duk ƴar kasuwa za ta lura waken bai canja ba, bambancin 1400 na tiya biyu ta gero ne, ke nan gero 700, wake 1000. Wannan shi ne darasin ekwasiyo (layin lissafi mai alamar = a tsakiya) biyu masu abu biyu da ba a sani ba, wanda ƴan 3e, ajin ƙarshe na kolej, ke yi wa kallon dodo.

Kafin ta buɗe littafin nan, a gwada tubalinta. Yarinyar da ta tsaya a 5e kuma ta daɗe ba ta riƙe kaye ba, dole akwai abin da ya zube. Tambayoyi huɗu sun ishe ni gane inda yaro yake. Ina tambayarsa 1/2 + 1/3. In ya ce 2/5, ya haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa, alhali amsar 5/6 ce. Ina tambayarsa 3 − 8. In ya ce ba ya yiwuwa ko ya ce 5, lambobin da ke ƙasa da sifiri ba su zauna masa ba. Ina tambayarsa 2 + 3 × 4. Amsar 14 ce, ba 20 ba, don ninkawa na gaba da tarawa. Ta huɗun ita ce na fi ba muhimmanci: 8 + 4 = … + 5, me za a sa a gurbin? Yara da yawa, har masu ƙoƙari, 12 suke sawa. Amsar 7 ce.

Wanda ya sa 12 ya ɗauki alamar = a matsayin "ga amsa nan tafe", domin haka ya saba gani tun CI, ajin farko na firamare. A aljabara kuwa ma'anarta ita ce abin da ke hagu da abin da ke dama nauyinsu ɗaya, kamar sikeli mai faranti biyu da ya tsaya cak. Duk abin da aka yi wa faranti ɗaya sai an yi wa ɗayan, in ba haka ba ya rinjaya. Yaron da wannan bai shige shi ba, duk abin da aka ɗora masa daga baya hadda ce kawai. In ɗiyarki ta kasa biyu cikin huɗun nan, a ajiye aljabara wata ɗaya ko biyu a koma kan lissafin kaso da lambobi masu alamar ɗebewa. Kada ki ga kamar an ja ta baya. Ginin da aka ɗora kan rairayi, damina ɗaya ke tona asirinsa.

Lissafin kaso ma ba baƙo ba ne gare mu. Muna da rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni, ushiri. Malaman zaure da su suke raba gado. A ce mutum ya rasu ya bar jikka 800 bayan an biya bashi, ya bar mata ɗaya, ƴaƴa maza 2, mata 3, ba wani magaji. Matar na da sumuni, jikka 100, saura 700. Namiji na da rabon mata biyu. In rabon ɗiya mace x ne, to 2x + 2x + x + x + x = 700, wato 7x = 700, x jikka 100 ke nan, kowane namiji 200. Ba ina cewa ta fara raba wa mutane gado ba, wannan aikin malamai ne, amma yaro in ya ga x ta fito daga abin da ya saba ji ana yi a gidan rasuwa, yana daina ganinta kamar aljanar Turawa.

Lambobin ƙasa da sifiri kuwa, bashi ne. Masanin Indiya Brahmagupta tun a 628 da dukiya da bashi ya bayyana su, kuma har yau ban samu abin da ya fi wannan ba. Kina da 300, ana bin ki 800, matsayinki −500. Inda ake samun cikas shi ne in an ce ɗebewa sau ɗebewa na ba da ƙari. Kada a ce mata ta haddace. A ce mata: ana bin ki bashi uku, kowanne 200, sai aka yafe duka ukun, an ɗebe miki bashi, arzikinki ya ƙaru da 600. In wannan bai gamsar da ita ba, ta jera da hannunta: 3 × (−2) = −6, 2 × (−2) = −4, 1 × (−2) = −2, 0 × (−2) = 0. Kowane layi na ƙaruwa da 2. To me zai biyo baya a (−1) × (−2)? Da kanta za ta ce 2.

Akwai kuskure ɗaya da ni kaina na shekara da shekaru ina shuka wa yara, kuma yana cikin bakin kusan duk malamin da za ki ɗauko mata. Shi ne mu ce: lamba in ta tsallaka alamar = sai ta canja alama. Yana da saurin shiga kai, yana ba da amsa a 3x + 200 = 4700. Sai ranar da na ba wani aji 3x = 12, na ga yara da dama sun rubuta x = 12 − 3, wasu kuma sun raba 12 da −3. Sun bi abin da na gaya musu sau da ƙafa: 3 ta tsallaka, ta canja alama. Laifina ne, ba nasu ba. Babu abin da ke tsallaka komai. Cirewa ake a ɓangarorin biyu, ko rabawa a ɓangarorin biyu. Tun daga lokacin nake tilasta wa yaro ya rubuta abin da ya yi wa kowane faranti, layi bayan layi, har sai hannunsa ya faɗa. In kin ji ɗiyarki na cewa "ya tsallaka", ki tambaye ta wa ya tsallakar da shi.

Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne a ce a akuya ce, b kuma buhu, don haka ba a haɗa 3a da 2b. Dabara ce mai daɗin ji, amma tana koya wa yaro cewa harafi abu ne. Harafi adadi ne da ba a faɗa ba. Yaron da ya ɗauki a akuya, ranar da ya ga a × a zai rasa yadda akuya ke ninka akuya. Maganin irin wannan rikici ɗaya ne, kuma ina so ya zama mata ɗabi'a: in tana shakka, ta sa lamba a gurbin harafin. Tana zaton 2x + 3 daidai yake da 5x? Ta sa 10. Na farko 23, na biyu 50. Magana ta ƙare, ba sai malami ya yanke hukunci ba. Wannan ne ya sa na ce aljabara ta dace da gida: tana ɗauke da alƙalinta a cikinta. Duk amsar da aka samu ana iya mayar da ita cikin tambayar a ga ko sikelin ya tsaya.

Haka nan (a + b)², wanda kusan kowane yaro ke fara cewa a² + b² ne. Ki sa ta fita tsakar gida ta zana fili a ƙasa, taki 10 tsawo, taki 10 faɗi, sannan ta ƙara taki 3 a tsawon, taki 3 a faɗin. Sabon filin 13 sau 13 ne, 169. Tsohon fili 100, ɗan ƙaramin da ya fito a kusurwa 9, jimla 109. Ina 60 ta shiga? Ga ta nan a ƙasa, zirin fili biyu, kowanne 10 sau 3. Wannan ita ce 2ab ɗin da ake mantawa. Da irin wannan zane al-Khawarizmi ya warware sanannen misalinsa, dukiya da abu goma daidai da dirhami 39, wato x² + 10x = 39: rabin 10 shi ne 5, ninka shi da kansa 25, ƙara a kan 39 ya zama 64, tushensa 8 (don 8 sau 8 ne 64), cire 5, saura 3. Ki sa ta gwada: 9 da 30, 39.

Yanzu ga maganar kayan ƙanenki. Darasin da suke kira aljabara ta ɗaya a Amurka yawanci ƴan shekara 14 zuwa 15 ke yin sa, shekara guda cur, aljabara zalla. Mu tsarinmu ba haka yake ba. A kolej lissafi darasi ɗaya ne, ana tafiya da ɓangaren lambobi da ɓangaren zane tare. Abin da ke littafin nata, mafi yawansa shi ne abin da muke shimfiɗawa tsakanin 4e da 3e, aji biyun ƙarshe na kolej: lissafi da haruffa, buɗe baka da mayar da ita, ekwasiyo, tushen lamba, layi miƙaƙƙe. Wani sashe na ƙarshensa, kamar dokar warware duk ekwasiyo mai x², mu sai a lise ake shiga shi. Abin da kuma babu a ciki shi ne zane irin namu, domin su shekara daban suke ware masa. Ka'idar Tales da hujjojin da ake nema yaro ya rubuta kan kusurwa da da'ira ba za ta same su a nan ba, kuma BEPC ba ta yafe su. Wanda ya dogara da littafin nan kaɗai, ya shirya wa rabin takardar lissafi ne.

Sai harshe. Yarinyar da ke tunani da Hausa, ta yi karatu da Faransanci, a ce ta koyi sabon fanni da Ingilishi, an ɗora mata kaya biyu a kai ɗaya. Jarrabawar kuma da Faransanci za ta zo, kuma sau da yawa yaro na faɗuwa ne don bai gane abin da tambaya ke umurtarsa ba, alhali ya iya aikin. Akwai kuma ƙananan bambance-bambancen da ke tuntuɓe da mutum. Biyu da rabi mu 2,5 muke rubutawa da waƙafi, su 2.5 da ɗigo. Su kuma 1,500 a wurinsu dubu da ɗari biyar ne, a wurin ɗan lakwal ɗinmu ɗaya da rabi. Layi miƙaƙƙe su y = mx + b, mu y = ax + b. Misalansu da mil da inci da dalar Amurka suke.

Ba na ce a jefar da su ba, kyautar ɗan'uwa ce kuma tana da amfani. A juya tsarin ne kawai. A nemo mata littafin lissafi na 4e da na 3e irin waɗanda ake aiki da su a kolej, ko tsofaffi ne, da kayen wata ɗaliba mai tsabtar rubutu da ta gama ajin, su zama jagora. Littafin Amurka ya zama rumbun atisaye, don a nan ya fi namu: tambayoyi masu yawa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ga amsoshi. Ekwasiyo ba ta da yare, 5x − 7 = 18 ɗaya take a ko'ina. In ana son bidiyo, Khan Academy na da sashen Faransanci kyauta, manhajar GeoGebra kuma na zana layuka a waya ko babu intanet. A sauke abin da ake buƙata lokacin da akwai wuta da intanet, kada karatu ya rataya kan su.

Bidiyo dai ina yi masa kallon tsanaki. Mai bayani ya iya, komai na tafiya sumul, yaro na gyaɗa kai yana jin ya gane. A kashe waya a ba shi farar takarda, sai ido ya raina fata. Ka'idata ita ce minti goma na kallo, minti talatin na rubutu. Manhajojin nan kuma da ake ɗaukar hoton tambaya su fito da amsa, a nesanta ta da su a wannan shekarar.

Ga aikinki, Hajiya. Takardar amsoshi a hannunki za ta zauna, cikin akwatinki. Kin san lambobi tunda kina ƙirga kuɗi, za ki iya gwada abin da ta samu da abin da ke rubuce. In sun saɓa, kada ki gaya mata daidai ɗin, ki ce ta koma ta nemo inda ta kauce. Ta keɓe kaye guda na kurakurai: tambayar, abin da ta yi, da dalilin da ya sa ba daidai ba ne, da kalmominta. Ruwa ba ya tsami banza. Kuskuren yaro a aljabara kusan kullum akwai wata doka da ya ƙirƙira wa kansa a bayansa, kuma in aka tara kurakuran wuri ɗaya dokar na fitowa fili. Lokaci kuma, minti arba'in zuwa awa ɗaya kowace rana, kwana biyar ko shida a mako, ya fi awa huɗu ranar Lahadi. Da hantsi kafin rana ta take ya fi, balle a watan Afrilu da Mayu. Kada ya zama karatu sai in aikin gida ya ƙare, domin aikin gida ba ya ƙarewa, kuma ɗiya mace da ke zaune gida ita kowa ke aike. Ki tsare mata wannan awa kamar yadda kike tsare kuɗin adashe. Tunda kuma jinya take, ranar da jiki ya ƙi a bar ta ta huta.

Duk da haka tana buƙatar wanda ya san fannin, ko sau ɗaya a mako. Ba don ya maimaita mata darasi ba, don ya karanta kayenta. Amsa na iya yin daidai ta hanyar da ba daidai ba, kuma wannan takardar amsoshi ba za ta nuna miki ba. Cikin ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo akwai masu karatun lissafi da kimiyya da ke irin wannan aiki, ko malamar kolej a unguwarku. Ki gwada shi da abu ɗaya: ki zauna gefe ki ga wa ya fi riƙe alli. In malamin ne ke ta cika allo ita tana kwafa, kuɗinki na tafiya a banza. In ita ce a tsaye shi yana jefa mata tambaya, kin dace. A samo mata allon katako a shafa baƙin fenti a jingine a bango, kuma in akwai ƙawarta da ke 4e ko 3e, ta riƙa zuwa suna atisaye tare. Wanda ya yi wa wani bayani, shi ya fi ƙaruwa.

In ta yi nisa har ta kai darasin layuka, ki ba ta aikin da ya shafi jarinki. A ce mai inji ɗaya na niƙa miki gyaɗa 50 kowace tiya, wani kuma ya fi nisa, 25 yake karɓa amma kai da kawowa zai ci 500. Wanne ya fi? Za ta rubuta 50x da 25x + 500, ta ga sun haɗu a tiya 20. Ƙasa da haka na kusa ya fi sauƙi, sama da haka na nesa. Ki ba ta farashinki na gaskiya ta yi miki lissafin.

Game da BEPC, ana iya zama jarrabawar ba tare da mutum na cikin wata makaranta ba, a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Ki je ofishin da ke kula da makarantun sakandare tun farkon shekarar karatu ki ji takardun da ake nema da lokacin rajista, ki kuma tabbata takardar haihuwarta na nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma wadda ta tsaya a 5e, aji biyu ne a gabanta, 4e da 3e, kuma ba lissafi kaɗai ake tambaya ba: akwai Faransanci, kimiyya, tarihi da labarin ƙasa, da Ingilishi. Ban ba ki shawarar ki cusa mata duka cikin shekara ɗaya ba. Ni da ɗiyata ce, bana zan sa ta gyara tubali ta cinye shirin 4e a gida, lissafi da Faransanci a gaba, in likita ya sake ta baɗi in nemi a gwada ta a karɓe ta a 3e. Zaman aji na da abin da gida ba ya bayarwa: jarrabawar gwaji cikin ƙayyadadden lokaci, da ganin yadda sa'o'inta ke yi.

Gobe da safe, kafin a ɗora gyaɗa a wuta, ki sa ta rubuta tambayoyin nan huɗu a kaye, ta amsa ba waya a hannunta. Ki aiko mini da abin da ta rubuta yadda yake, har inda ta soke, sai in gaya miki shafin da za ta fara.